Tambaya da Amsa: In shiga ƙungiyar masu shuke-shuke ko in ci gaba ni kaɗai?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne a Kaduna, ina da ɗan wurin rainon shuke-shuke a bakin titi. Ina sayar da furanni da dashen itatuwa, ina kuma karɓar aikin gyaran farfajiyar gidaje: shimfiɗa ciyawa, jera furanni, aske shinge. Dattawan layinmu sun matsa mini in shiga ƙungiyarsu, ana biyan N2,000 duk wata, ana zama Lahadin ƙarshen wata. Gaskiya ina ɗari-ɗari. Kayanmu iri ɗaya ne, masu sayenmu ma ɗaya. Tsorona kada in je in buɗe cikina su kwashe mini kwastomomi. Kuma na ga ƙungiyoyi da dama da suka ƙare a rigimar kuɗi. Me ka gani?

Wani mai karatu, daga Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Ka shiga. Tsoron da ka yi na kuɗi yana da tushe, zan zo kansa. Amma na kwastoma, ka rage shi.

Na daɗe cikin wannan sana'a, kuma waɗanda na ga sun naɗe tabarmarsu, ba maƙwabci ne ya kore su ba. Ruwa ne ya kore su. Ka san yadda Maris da Afrilu suke: rijiya ta ja baya, 'yan garuwa sun tsauwala, shukar da ke cikin leda kuwa ba ta san uzuri ba, kwana biyu babu ban ruwa ganye ya sunkuya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai injin ban ruwa yana jin jiki. Rijiyar burtsatse da famfo mai aiki da hasken rana su ne mafita, amma kai kaɗai yaushe za ka tara kuɗinsu? Mutum goma da ke layi ɗaya za su iya. Ko tankar ruwa ce, in layin gaba ɗaya ya kira ta a cika durom-durom a tafiya guda, abin da zai faɗo kanka bai kai na wanda ya kira ta shi kaɗai ba. Haka tifar baƙar ƙasa, haka buhunan kashin kaji, haka ledar raino, haka motar da za ta ɗauko furanni daga Jos ko daga kudu.

Sai wurin zama. Bakin titin nan ba gadonka ba ne, ba na dattawan ba ne. Ranar da aka tashi faɗaɗa hanya ko haƙa magudanar ruwa, jami'in hukumar tsara birni ba zai bi ku ɗaya bayan ɗaya yana jin koke ba. Amma in shugabanni suka je da takarda mai hatimin ƙungiya da jerin sunayen mutanen da ke cin abinci a wurin, ana iya ba su wa'adi, wani lokaci har a nuna musu wani fili. Wanda ba ya cikin jerin, labari kawai zai ji.

Abin da ya fi duk wannan daraja a wurina shi ne ilimin da ke cikin kan dattawan nan, wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba. Akwai wanda da ya ga ganye ya yi rawaya zai gaya maka ruwa ne ya yi yawa ko taki ne ya gaza. Akwai wanda ya san ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai an bar shi ya ruɓe. Wani hannunsa ya faɗa da auren itatuwa, wato ɗaura reshen iri mai kyau a jikin wani dashe, na mangwaro ne ko na lemu, reshen da ya ɗaura ba ya cika mutuwa. Wani zai hana ka sayar wa mutumin Sakkwato furen da ya saba da sanyin Jos, domin zai ƙone kafin wata ya zagayo, kai kuma sunanka ya ɓaci. Su ne za su ce maka ciyawar kafet tana son laima da 'yar inuwa, ciyawar ƙiri-ƙiri kuwa ita ke jure rana da taku, don haka ka dubi gidan kafin ka zaɓa. Gara fa? Kowane tsohon mai lambu yana da labarin gidan da gara ta cinye masa shuka daga ƙasa, da dabarar da ya yi. Irin wannan magana ba ta fitowa sai an zauna, an sha shayi tare, an je sunan ɗan wane, an je ta'aziyyar wane. Zumunta a ƙafa take, a sana'a ma haka ne.

Kuma a irin wannan zaman ne za ka ji sunan mai gidan da ya saba sa a yi masa aiki ya hana cikon kuɗi. Wannan labari kaɗai ya biya maka kuɗin wata na shekara guda.

Yanzu maganar kwastoma. Ba wanda ya ce ka kai musu lambobin wayar masu sayenka, ko ka faɗi ribarka. Wannan sirrinka ne, ka riƙe. Amma ka yi tunanin ranar da wata makaranta ko rukunin gidaje za su nemi dashe 2,000, kai kuma 300 gare ka. Ko ka ce ba za ka iya ba, ko ka bi layi ka tattara na abokan sana'a, ka cika, kowa ya samu. Wanda ya ba ka yau, gobe shi zai zo neman naka. Sharaɗi ɗaya ne: in ka tura wa wani aiki ko ya turo maka, ku yanke maganar kamasho tun kafin a sa cebur a ƙasa, a gaban shaida. Yawancin gabar da na gani tsakanin masu lambu daga "ai na ɗauka ka gane" ta fara.

Kan farashi ina da ra'ayi mai ƙarfi. Ban yarda da ƙungiyar da za ta ɗora wa kowa farashi ɗaya dole ba, zalunci ne ga mai saye, kuma yana danne matashi irinka mai neman shiga kasuwa. Abin da nake so ƙungiya ta koya wa yaranta shi ne lissafi. Matasa da yawa suna faɗin kuɗin aiki sun manta da kuɗin mota, da leburori, da ban ruwan makonnin farko, da shukar da za ta mutu a ce su sake. Sai a gama aiki a ga an yi wa mai gida hidima kyauta. Wanda ya iya lissafi ba zai karya farashi ba ko ba a hana shi ba.

Ƙungiya kuma tana buɗe ƙofar da mutum ɗaya ke jin nauyin ƙwanƙwasawa. Kuna da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Afaka, nan kusa da ku. Akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, hedikwatarta na Ibadan amma tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano, ga kuma kwalejin koyon aikin lambu ta tarayya a Dadin Kowa, jihar Gombe. Wasiƙa daga mutum talatin masu neman a koya musu auren itatuwa ko maganin ƙwari ta fi saurin samun amsa. Ga shirye-shiryen dashen itatuwa, irin na hukumar Great Green Wall da aka kafa a 2015 don jihohi 11 na bakin hamada, da shirin ACReSAL da Bankin Duniya ke tallafawa a jihohin arewa 19 da Abuja. Duk inda ake dashe ana buƙatar masu raino, kuma hukuma ta fi sakin jiki da jama'a masu rajista da asusun banki. Ban ce za ku samu kwangila gobe ba. Na ce wanda ba shi da takarda ba a ma kiransa zaman.

To, batun kuɗi, inda ka yi gaskiya. Na ga ƙungiyar da ta watse saboda asusunta na cikin aljihun shugaba, har yau akwai waɗanda ba sa gaisawa. Kafin ka biya sisi, ka roƙi a bar ka ka halarci zama a matsayin baƙo, ka yi tambaya cikin ladabi. Shin ƙungiyar tana da rajista? In ta gama kai ce, a ofishin kula da ƙungiyoyin gama kai na jiha ake yi mata. In kuwa ta amintattu ce, wato wadda ake wa rajista da sunan wasu amintattun da mambobi suka zaɓa, a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ka nemi ganin takardar da idonka. Asusun banki da sunan ƙungiya yake ko da sunan mutum? Mutum nawa ke sa hannu kafin kuɗi ya fita? Ana ba da rasit? Yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe? Sai tambayar da ta fi duka: kuɗin da aka tara bara, me aka yi da shi? Dattijon kirki ba zai ji haushin wannan ba, zai ma ji daɗin an samu yaro mai kula. In ka ga an haɗe rai ana cewa kai wane ne da za ka tambaya, ka riƙe kuɗinka.

Ko hakan ta faru, kada ka koma zaman kaɗaici. Ka nemi mutum uku ko huɗu a layin waɗanda ka yarda da amanarsu, ku fara da abu ƙarami: adashin mako, ko haɗa kuɗin tifar ƙasa guda kafin damina ta sauka. In kuwa amsoshin sun gamsar da kai, ka biya, ka riƙa zuwa zama a kan lokaci, kuma tun da kai matashi ne mai iya rubutu da waya, ka ce a ba ka riƙon littafin shiga da fitar kuɗi. Allah Ya sa albarka a sana'ar.