Tambayi Likita: Taifot ta huda hanjin yarona

TAMBAYA: Salam likita, dan Allah ina neman bayani. Yarona ne ya yi ta zazzaɓi muna sayo magani a kemis, can sai cikinsa ya kumbura ya yi tauri, da muka je asibiti aka ce taifot ce ta huda masa hanji, an yi aiki an fito da hanjin ta gefen ciki an sa leda. Ɗan maƙwabtanmu irin aikin aka yi masa bai tashi ba, hankalina ya kasa kwanciya. Wai aikin ne ke kisa?
Wata uwa daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ba aikin ne ke kisa ba, yawanci jinkiri ne. Taifot takan ci ƙarshen ƙaramin hanji, a mako na 2 zuwa na 3 na ciwon sai wajen ya huje, ƙazanta ta zuba cikin ciki, daga nan guba ta shiga jini. Wanda aka yi wa tiyata cikin awa 24 da hujewar ya fi samun damar tashi nesa ba kusa ba kan wanda aka tsaya ana jiƙe-jiƙe da neman kuɗi har kwanaki suka shuɗe, ya zo ya galabaita, fitsari ya ɗauke, jini ya yi ƙasa. Yawan hujin ma yana da tasiri, huji ɗaya yawanci ɗinkewa kawai ake yi, in suna da yawa sai an yanke wajen. Haka yaron da dama yake da tamowa, shi kam yana shan wuya sosai.

Ledar nan kar ta tsorata ki, an yi ne don hanjin ya huta, in ya murmure za a mayar. Ki lura da ita, in abin da ke fita ya yi yawa kamar ruwa ki ba shi ORS, wato ruwan gishiri da sukari, ki sanar da likitansa. Mugunya a ɗinki ta fi komai yawan faruwa bayan wannan aiki, ana wankewa ta warke, amma in kin ga kashi yana fita ta ɗinkin, ko ɗinkin ya buɗe, ko cikin ya sake kumbura da amai, to ku koma asibiti ko da tsakar dare ne.

Ya shanye maganinsa duka ko da ya ji sauƙi. Sauran yaran gidan kuma a riƙa tafasa musu ruwan sha, don ta ruwa da abincin da kashi ya gurɓata ake ɗaukar cutar.