Tsohuwar kwamfutar tebur mai i5, ko sabuwar laftof mai Celeron?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago a Tudun Wada, Kaduna, inda nake buga wa ɗalibai takardu, ina yi wa mutane rajista a intanet, wani lokaci kuma ina zana katin biki da CorelDRAW. An yi mini tayin kwamfutoci biyu, kuɗinsu kusan ɗaya: kwamfutar tebur ta hannu, Dell OptiPlex mai Core i5-3470, da laftof sabuwa dal a kwali mai Celeron N4020. Mai laftof ɗin ya ce waccan ta tsufa, ba za ta kamo ƙafar tasa ba. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Mai laftof ya faɗi gaskiya a kan shekaru, amma a kan ƙarfi ya kauce hanya.

Dukkansu sunayen furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta: kamfanin Intel ya fitar da i5-3470 a 2012, Celeron N4020 kuma a 2019, tazarar shekara bakwai ke nan. Sai dai ba don aiki ɗaya aka ƙera su ba. Na farkon cibiyoyin aiki huɗu gare shi, yana gudu a gigahaz 3.2, yana iya hawa 3.6 idan aiki ya matsa, kuma an tsara shi a kan wat 77. Na biyun cibiyoyi biyu ne kacal, asalin gudunsa gigahaz 1.1, yana zabura zuwa 2.8 na ɗan lokaci, an kuma tsara shi a kan wat 6. Wannan lambar ta wat ita ce ta raba gardama. Furosesan da aka ɗaure wa wuya da wat 6 an yi shi ne don batir ya daɗe, kwamfuta ta yi sirara, wata ma ba a sa mata fanka. Da zarar ya yi zafi sai ya rage gudu don kare kansa, kuma ka san yadda shago yake da rana tsaka a watan Maris da Afrilu. Tsohuwar a-kori-kura ce da sabon babur: babur ya fi tsimin mai, amma ba shi za ka ɗora wa buhunan masara ba. A aikin da ke neman cibiyoyin duka, tsohon i5 ɗin ya ninka Celeron fiye da sau biyu.

Kuma furosesa ba shi kaɗai yake aiki ba. Laftof masu N4020 galibi da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi) giga 4 suke zuwa, sau da yawa a liƙe a cikin kwamfutar yadda ba a iya ƙarawa, sannan ma'ajiyar eMMC mai giga 64 wadda Windows da kanta take cinye kaso mai tsoka. Ka buɗe CorelDRAW, ga Word, ga Chrome da shafuka biyar na rajista, ga mutum tsaye a kanka yana jira, nan za ta fara numfarfashi. Ta tebur kuwa buɗe ta ake yi a ƙara mata abin da ake so. Tana ɗaukar RAM irin DDR3, kuma giga 8 ya ishe ka. In ta zo da tsohon faifai mai juyawa, cire shi ka sa SSD, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa. Wannan canji ɗaya ya fi komai sa tsohuwar kwamfuta ta farfaɗo.

Inda laftof ta yi zarra shi ne wuta, kuma a garin nan wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kwamfutar tebur da allonta, idan ana aiki, lissafa musu wat 70 zuwa 100. Laftof irin wannan wat 10 zuwa 15 ya ishe ta. A ce kana da batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100, wato wat-awa 1,200, kuma irin na dalma ne da ba a so a zuƙe fiye da rabinsa. Wat-awa 600 ke hannunka. Ta tebur za ta cinye shi cikin awa shida zuwa takwas da rabi, har ƙasa da haka idan ka cire abin da inbata take sha, laftof kuwa ta kwana ta wuni a kansa. Ga kuma ɗaukewar wuta ba sallama: kana tsakiyar cike wa yaro fom, an biya kuɗi, allo ya mutu. Don haka in ka zaɓi ta tebur, sa kuɗin UPS, na'urar da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta, cikin lissafi tun yanzu. Sai dai kada ka manta firintar leza da injin fotokwafi suna jan ɗaruruwan wat lokacin da suke ɗumama, saboda haka shagonka ba zai rabu da janareta ba ko wacce ka saya.

Akwai wata matsalar da masu sayar da kayan hannu ba sa son a taɓo. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga ƙarni na takwas na Core take farawa, tare da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta. Shi i5-3470 ɗan ƙarni na uku ne, ba ya cikin jerin, alhali N4020 yana ciki. Masu gyara suna da dabarar cusa Windows 11 a tsohuwar kwamfuta, tana kuma aiki, amma ba tare da alƙawarin Microsoft na ci gaba da sabunta ta ba. Ga mai riƙe lambobin shaida da bayanan banki na jama'a, abin dubawa ne.

To, in lallai cikin biyun nan ne, don aikin da ka lissafa ni ta tebur zan ɗauka, da SSD da RAM giga 8 da UPS. Celeron na ɗalibi ne mai karatu da kallon bidiyo. Amma kafin ka biya, zagaya shagunan kwamfuta na titin Ahmadu Bello ka tambayi laftof ta hannu mai Core i5-8250U. Na 2017 ne, cibiyoyi huɗu, wat 15, yana gogayya da i5-3470 har yakan wuce shi a aiki mai nauyi, kuma Windows 11 tana karɓarsa. Za ta fi tsada, amma ka huta da sayen UPS da allo.

Ko wacce ce, kada ka yarda da takardar da aka manna a jiki. A kunna ta a gabanka, ka buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna abin da ke cikin kwamfuta, ka ga sunan furosesan da idonka, ka bar ta tana aiki minti ashirin kana sauraron fankarta. In ta tebur ce, sa a buɗe murfin a hure ƙura a sake shafa man sanyaya furosesa, kuma ka maimaita hurewar bayan kowane hunturu.