Ɓoye suna ne ke sa mutane zage-zage a intanet?

Tambaya: Malam, akwai yaron da in mun haɗu har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ni, amma na gano shi ne mai wani asusun bogi a Facebook da ba ya komai sai ashar. Ɓoye sunan ne ya sa shi haka? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, ɓoye suna na da nasa laifin, amma a ganina an ɗora masa fiye da abin da ya ci. Tun 2004 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Suler, ya bayyana yadda intanet ke kwance wa mutum linzami, kuma ɓoye suna ɗaya ne kawai cikin dalilai shida da ya kawo.

Abin da ya fi nauyi shi ne ido. A 2012 wasu masu bincike biyu a Isra'ila, Lapidot-Lefler da Barak, sun haɗa ɗalibai bibbiyu suna musu ta kwamfuta. Wasu an ɓoye sunansu, wasu ba sa ganin juna, wasu kuma an saita kyamara yadda za su haɗa ido. Rashin haɗa idon ne ya fi haddasa zafin baki, fiye da ɓoye sunan. Mu ma mun san haka. Kina shirin wanke mutum tas, ya ɗago ya kalle ki, ki ga fuskarsa ta canza, sai ki ji nauyi ki haɗiye rabin maganar. A waya babu fuskar da za ta canza, rubutu ne kawai a kan gilashi.

Koriya ta Kudu ta gwada maganin da mutane ke yawan nema. A 2007 ta wajabta wa manyan shafuka tantance ainihin mutum kafin ya yi sharhi. A 2011 masu kutse suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 35, a 2012 kuma kotun tsarin mulki ta soke dokar, ta ce ta tauye 'yancin magana kuma ba a nuna ta rage ɓarnar yadda ya kamata ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan ban mamaki. Masu bincike a Jami'ar Zurich sun duba sharhi sama da 500,000 a wani shafin koke-koke na Jamus, a 2016 suka wallafa cewa masu sa sunansu na gaskiya sun fi zafafawa. Mai ganin yana kare gaskiya ai so yake a san shi ne ya faɗa. Sojojin baka na gidajen rediyonmu wa ya ɓoye sunansa cikinsu?

Shi kuwa yaron naki, kada ki tanka masa a can inda 'yan kallo ke zuga shi. Ki aika a kira shi gida, ki miƙa masa wayar, ki ce ya karanta miki abin da ya rubuta da bakinsa.