Zamunan adabin Turai: ta ina ɗalibi zai kama su?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a shekarar farko a jami'a, sashen Turanci. An ba mu jerin zamunan adabin Turai mu haddace, tun daga na Girkawa har zuwa bayan yaƙin duniya na biyu, amma da na haddace sai su zube. Me ya raba wannan zamani da wancan, kuma wa ya yanka iyakokin?

Amsa: Ɗiyata, barka kadai. Da tambayarki ta ƙarshe zan fara. Waɗanda suka zo daga baya ne suka yanka iyakokin nan. Babu mawaƙin da ya zauna a shekarar 1100 ya ce shi ɗan tsakiyar zamani ne. Masanan Italiya na ƙarni na 14 da na 15 ne suka dubi shekaru kusan dubu da ke tsakaninsu da daular Rum, suka raina su, daga nan sunan ya samo asali. Yawancin zamunan da ke jerin naki haka suka samu: wasu marubuta sun gaji da salon magabatansu, sai suka juya masa baya. In kin gane abin da kowane rukuni yake gudu, haddar za ta zauna da kanta.

Tushen dai Girka ne, da dogayen waƙoƙi biyu da ake jingina wa Homer, Iliad da Odyssey, wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ta farko kan yaƙin birnin Troy take, ta biyu kan Odysseus da ya shekara goma yana neman hanyar gida. Ki lura da abu ɗaya idan kin buɗe su: sau da yawa in an ambaci jarumi Achilles sai a haɗa da "mai saurin ƙafa". Kirari ne, kuma alama ce ta waƙar baka. Wani masani Ba'amurke, Milman Parry, sai da ya je Yugoslabiya a shekarun 1930 ya ɗauki muryoyin mawaƙan gargajiya kafin ya gamsar da malamai cewa haka mawaƙi yake ƙera baiti a gaban jama'a. Ke da kika tashi kina jin makaɗan fada, wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenki, kuma ina so ki riƙe shi a matsayin gata. Bayan Homer sai wasan kwaikwayo a Atina, na su Sophocles da Euripides, sai Aristotal ya zo ya tsara ƙa'idojinsa. Rumawa suka gaji Girkawa, Virgil ya yi musu tasu waƙar, Aeneid.

Tsakiyar zamani ana lissafa shi daga faɗuwar Rum ta yamma a 476. Karatu ya koma hannun malaman coci, da harshen Latin. Ni ban yarda da masu kiran lokacin da duhu ba. A cikinsa ne harsunan gida suka fara ɗaga kai, kuma babban misali shi ne Dante na Florence, wanda ya rasu a 1321. Ya iya Latin sarai, amma da ya tashi rubuta tafiyarsa ta cikin wuta har zuwa aljanna, sai ya rubuta ta da harshen da ake ciniki da shi a kasuwar garinsu. Wanda ya san yadda malaman ƙasar Hausa suka yi wa'azi da waƙar ajami alhali suna da Larabci, zai gane nauyin wannan shawara. A wannan zamanin kuma aka fassara sharhin Ibn Rushd kan littafin Aristotal na waƙa zuwa Latin, a Toledo, a 1256.

Sai Renesans, wato farfaɗowa. Abin da aka farfaɗo da shi shi ne littattafan Girka da Rum, kuma injin ɗab'i na Gutenberg, wajen 1450, ya yaɗa su. Hankalin marubuci ya karkata ga mutum da abin da ke ƙunshe a ransa. Shakespeare ke nan, daga 1564 zuwa 1616, da Cervantes na Sifaniya, wanda ya yi shekara biyar a tsare a Aljiyas kafin ya fitar da Don Quixote a 1605, labarin dattijon da karatun littattafan jarumai ya juya masa kai. Da yawa suna ganin daga nan ƙagaggen labari na zamani ya faro.

Ƙarni na 17 da na 18 na tsari ne da hankali: waƙa a kan ma'auni, wasa a kan ƙa'ida, sai Voltaire da zambonsa a kan masu mulki da malaman coci. Wannan ne matasan ƙarshen ƙarni na 18 suka ƙi. Ana kiransu 'yan Romantisizim, kuma kada sunan ya sa ki zaci soyayya kaɗai ce. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya tashe su, hayaƙin masana'antu ya tsorata su, sai suka koma ga daji da ƙuruciya da abin da zuciya ke ji. A 1798 Wordsworth da Coleridge suka fitar da kundin waƙoƙi kan makiyaya da mabarata, da harshen da talaka ke magana.

Masu bin zahiri na tsakiyar ƙarni na 19 su kuma suka ce a sauko birni a dubi bashi da haya da gidan marayu. Dickens yana ɗan shekara 12 aka tura shi aiki a masana'antar baƙin man takalmi a Landan, mahaifinsa yana kurkukun masu bashi. Wannan ciwon yana nan a littattafansa, waɗanda ake bugawa kashi-kashi mutane na jiran na gaba. A Faransa an gurfanar da Flaubert a kotu a 1857 saboda Madame Bovary, a Rasha kuma Tolstoy da Dostoyevsky suka kai salon ƙololuwa.

Yaƙin 1914 zuwa 1918 ya karya amincin da Turawa ke da shi ga wayewarsu, kuma rubutu ma ya kakkarye. Shekarar da nake so ki riƙe ita ce 1922, lokacin da T. S. Eliot ya fitar da The Waste Land, James Joyce kuma ya fitar da Ulysses. Littafin Joyce labarin yini ɗaya ne tak a birnin Dublin, 16 ga Yuni 1904, ana bin tunanin wani mai neman tallace-tallace wa jarida yadda yake zuwa masa ba tsari. Amma a kan tafiyar Odysseus aka gina shi babi-babi, sai ga Homer ya dawo bayan shekara fiye da dubu biyu da ɗari biyar.

Bayan 1945 iyakokin sun yi rauni, domin waɗanda Turai ta mallaka sun karɓi alƙalami. Wani Bature mai suna Joyce Cary, wanda ya yi aikin mulki a Borgu, ya rubuta Mister Johnson a 1939 kan wani akawu a Arewacin Najeriya. Chinua Achebe ya karanta shi yana ɗalibi a Ibadan, bai ga mutanen da ya sani a ciki ba. A 1958 ya fitar da Things Fall Apart, kuma daga wani baitin W. B. Yeats, mawaƙin Ailan, ya ɗauko sunan littafin.