Magarya ko aduwa: wacce ta fi amfani a jiki, wacce ya kamata a shuka?

Tambaya ta zo daga wani manomi mai gonar tudu da rijiya a gefenta. Yana son ya ƙara itatuwa masu 'ya'ya, ya rasa zaɓi tsakanin magarya da aduwa, kuma ya ji ana cewa aduwa magani ce kawai, ba abinci ba.

Malam, duka biyun abinci ne, sai dai kowacce da inda amfaninta yake. Na magarya yana cikin tsokar ɗan, na aduwa kuwa mafi yawansa yana can cikin ƙwallo.

Ɗanyar magarya wadda ta fara yin ja tana da bitamin C da yawa, har takan zarce lemon zaƙi idan aka auna nauyi ɗaya. Amma wannan bitamin ba ya jure rana da ajiya. Busasshiyar da ake aunawa da kwano a kasuwa ta riga ta rasa mafi yawansa, abin da ya rage shi ne sukari da dusa mai taimakon hanji. Saboda haka idan don yara ne, a ba su ita ɗanya. Busasshiyar a daka, a tankaɗe, a yi akuri ko a zuba a kunu.

Aduwa tana yaudarar harshe. Ɗacin da ake ji ya ɓoye zaƙi ne, domin wannan tsoka mai danƙo da ake tsotsa cike take da sukari. Mai ciwon sukari kada ya ɗauka ɗaci ya ba shi lasisin sha ba iyaka, kuma kada ya ajiye maganin asibiti saboda ita. Tana kuma sakin ciki, shi ya sa yaron da ya sha da yawa kan kwana yana zawo. Dukiyarta tana cikin ƙwayar da ke tsakiyar ƙwallo: kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na nauyinta mai ne, ga kuma sinadarin gina jiki. Ana fasa ƙwallon, a tafasa ƙwayar ana sauya ruwa har ɗacin ya fita kafin a ci, ko a soya sama-sama a niƙa a matse mai. Ga dubagira, ɗanyen tohonta, da ke rufa asiri a lokacin da ganye ya yi wuya, ga icenta da ake sassaƙa allo da ƙota.

To wacce za a shuka? Tunda akwai rijiya, magarya mai aure, wato wadda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan karan ta daji. Irin su Gola da Umran da Seb daga Indiya suka fito, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa su, a Nijar ana ce musu tuffar Sahel. Ɗansu kan kai girman ƙaramin ƙwan kaza, inda ta daji ba ta wuce gujiya ba.

Ga yadda ake yi. Ƙwallon magarya yana da tauri, idan aka binne shi haka nan yakan daɗe bai tsiro ba. A fasa shi a hankali da guduma, a ciro ƙwayar ba tare da an murƙushe ta ba, a shuka a doguwar leda, cikin mako ɗaya zuwa biyu za ta fito. Idan karan ya kai kaurin fensir sai a aura masa reshen iri mai kyau. A dasa a farkon damina, rami mai faɗi da zurfin rabin mita, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, tazara mita 6 tsakani. Wanda yake da magaryar daji a gonarsa ma ya huta: a sare ta, idan ta yi sabon toho a aura a kansa, saiwar ta riga ta kama ƙasa.

Abu uku ke kashe wa mutane gwiwa. Na farko, tohon da ke fitowa ƙasa da wurin auren. Na uwar daji ne, ya fi ƙarfi, idan aka bar shi zai shanye ruwan ya kashe reshen da aka aura, shekara ta zagayo a ga ƙananan 'ya'ya a ce an cuce mu a iri. A riƙa cire shi duk mako. Na biyu, rashin aski. Magarya a kan sabon reshe take fure, don haka bayan an gama tsinka, a cikin bazara wajen Afrilu zuwa Mayu, a datse rassan sosai. Na uku shi ne ƙudan da ke huda ɗan ya saka ƙwai. Daga waje za ka ga ɗan tabo kamar tsinin allura, ka ɓare ka tarar da tsutsa. Tsutsar a ƙasa take ƙarasa girma, saboda haka a tsince duk wanda ya faɗo kullum, a binne shi da zurfi ko a ƙulle a baƙar leda a bar shi a rana, a kuma kafce gindin bishiyar da rani. Da wannan kulawa, mai aure kan fara 'ya'ya a shekara ta farko ko ta biyu.

Aduwa ba ta wannan saurin. Takan ɗauki shekara 5 zuwa 8 kafin ta fara, kuma saiwarta doguwa ce mai nutsawa, ba ta son dashe. Idan za a shuka, a wanke tsokar, a jiƙa ƙwallon kwana ɗaya, a binne kai tsaye inda ake so ta zauna, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Abin da ya fi shi ne a lura da waɗanda suka fito da kansu lokacin sharar gona. Kada a sa musu gatari. A zaɓi kara ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kowane gindi, a rage sauran, a ɗage rassan ƙasa don garma ta wuce. A bar su a kan iyaka da can tudu inda guga ba ya kaiwa, magaryar kuma ta zauna kusa da rijiya.