Talotalon biki: suya ko gashi?

Ka aiko kana tambaya, wai wata mata ta ba ka aikin talotalon Kirsimeti, ta ce so take a tsoma shi ɗungurungum cikin mai kamar yadda ta gani a waya, kai kuma ka rasa wanda ya fi tsakanin suya da gashi. Shekara 3 kana gabana kana hura gawayi, yaro, sai yau ka yi tambayar da ta sa na ajiye wuƙa na zauna.

Gasa shi. In ta kafe sai soyayye, yayyanka shi gunduwa-gunduwa, ka sulala, ka soya yadda ake soya kaza a kowane gida. Amma ɗungurungum ɗin nan, tsaya ka ji.

Tabon nan na hannuna na dama, wanda kuke kallo ku kau da kai, talotalo ne ya yi mini shi. Lokacin ina da rumfata a Kaduna, ta kwano da katako, da gumina na kafa ta. Ran jajibirin Kirsimeti da la'asar sai ga wani ɗan kwangila ya tsaya da mota. Tsohon mai sayen kazata ne, har bashi nake ba shi ba tare da na rubuta ba. Ya je Amurka ya dawo, ya ga suna soya talotalo sukutum, shi ma dole baƙinsa su ci irinsa a daren nan. Kuma ba ƙarya ya yi ba, suna yi. A kudancin ƙasar, wajen Luwiziyana, abin ya fara ƙarfi, yanzu kuwa ranar bikinsu na godiya, Alhamis ta 4 a watan Nuwamba, gidaje da dama suna fito da tukunya fili su soya. Sai dai su suna da doguwar tukunya da aka ƙera don aikin, da ƙugiyar saukar da tsuntsun, da ma'aunin zafi. Ni tukunyar biki gare ni, da murhun itace, da girman kan cewa babu naman da zai gagare ni.

Ya buɗe bayan mota ya fito da shi, irin na ƙanƙara, ya kai kilo 8. Sau uku na tambaye shi, ya narke? Sau uku ya rantse mini cewa kwana 2 ke nan da fitar da shi daga firiza. Na danna ƙirjin, ya lotsa. Na ja fatar, ta saki. Masu sayen tsire sun yi layi, shi kuma yana tsaye a kaina yana duba agogo, sai ban zura hannu cikin cikinsa ba. Wannan kaɗai ne laifina, kuma na biya shi da tsada. Daga baya direbansa ya faɗa mini gaskiya: da safen ranar aka sayo shi, aka jiƙa shi a ruwan zafi don bayan ya yi laushi. Can ciki curin ƙanƙara ne, ga ledar ƙundu da wuya daskare a tsakiya.

Na juye man gyaɗa kusan jarka guda, lita 20, na bari ya yi zafi sosai. Ni da yarona na lokacin muka ɗaure shi da waya muka sauke. Kai ba ka san abin da ruwa yake yi cikin tafasasshen mai ba, tunda iyakarka ɗigon da ke fantsama daga kasko. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake nutsawa, a can ya zama tururi nan take, kuma tururin ya ninka girman ruwan sau wajen 1,700. Ina zai bi ya fita? Sai ya ɗago man gaba ɗaya. Kafin in ce innalillahi mai ya tumbatsa ya zubo kan itace, wuta ta tashi ta lashi kwano. Ga iskar hunturu, komai a bushe. Wani bawan Allah ya kawo ɗauki da bokitin ruwa ya watsa, wutar ta ƙara yin sama. Da yashi aka kashe ta, bayan ta cinye rumfata, da kajin da na riga na gasa, da teburin mai shayin da ke maƙwabtaka da ni.

Mako 3 hannuna yana naɗe, a daidai kwanakin da mai gashi yake tara abin da zai ci har watan gaba. Shi kuwa mutumin, ko sannu. Washegari ya aiko a karɓo masa kuɗin talotalonsa. Da muka zauna gaban dattawan kasuwa, ya dubi tsabar idona ya ce shi bai taɓa cewa ya narke ba, ni ne gwani, ni ya kamata in duba. Ba ni da shaida sai yarona, aka ce yaro ba zai ƙaryata maigidansa ba. Na biya mai shayi, na biya rabin kuɗin tsuntsun don a zauna lafiya, bashin kajin da nake bin sa kuma ya bi ruwa. Wutar na ɗauke ta ƙaddara. Rantsuwar nan uku ce har yau ta tsaya mini a wuya.

Ba zan zalunci suyar ba. In an yi ta daidai tana da daɗi, fata ta yi ƙaras-ƙaras, nama bai bushe ba, kuma tana da sauri: minti 7 zuwa 8 kowane kilo, wato mai kilo 5 ba zai wuce minti 40 ba. Amma dubi sharuɗɗanta. Kada tsuntsu ya wuce kilo 6, in ya wuce bayan zai ƙone ciki da jini. Na ƙanƙara yana son kwana guda a firji kan kowane kilo 2, ko awa guda kan kowane kilo cikin ruwan sanyi ana canjawa duk rabin awa, ba a fafe gora ranar tafiya. A tsane shi ciki da waje har ya bushe ƙamas. A fara sa shi a tukunya a zuba ruwa ya rufe shi, a cire shi, a yi alama inda ruwan ya tsaya, nan ne iyakar mai, sannan a goge tukunyar tas. Zafin mai digiri 175. Lokacin saukarwa a kashe wuta tukuna, shi ya sa aikin na gas ne, itace ba ya mutuwa don ka ce ya mutu. A fili, nesa da rumfa, da murfi da yashi a kusa. Man gyaɗanmu na masu ƙuli kuma kumfa yake yi, sai tatacce. Yanzu lissafa kuɗin man nan, ka gaya mini ribar da ta rage maka.

Sannan wane talotalo ta kawo? In namu ne na gida, wanda ya yi shekara yana yawo yana buɗe bindi, namansa ƙarfi gare shi, mai ba zai yi masa komai ba sai ƙara tauri. Irin wannan wuta mai haƙuri yake so. Tsaga shi ta baya ka shimfiɗe shi, ka goga masa gishiri ya kwana a sanyi. Garwashi ya yi fari kafin ka ɗora, cinyoyi wajen zafi, ƙirji nesa, don ƙirji shi yake fara bushewa cinya ba ta nuna ba. Rufe shi da takarda kamar balangu, kana shafa mai kana juyawa. Yaji sai ƙarshe, ƙuli-ƙuli ƙonewa yake ya yi ɗaci. In a obin ne, digiri 165, kusan rabin awa kowane kilo. Soka tsinke a kaurin cinya, in ruwan ya fito fari ba ja ba, to ya nuna, mai ma'auni kuma ya nemi digiri 74. Ka bar shi ya huta rabin awa kafin wuƙa ta taɓa shi. Figa da haɗin citta da tafarnuwa ba zan ɓata bakina a kai ba, in ba ka iya ba zuwa yanzu ka koma gona.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu, kun ga abu na minti guda a waya kun ɗauka kun koya. Wanda ya ɗauki hoton bai nuna maka kwana 3 da tsuntsun ya yi yana narkewa ba, bai nuna maka waɗanda gidajensu suka ƙone ba. Mu wata 6 muka yi muna wanke raga kafin a bar mu mu juya kaza ɗaya.

Je ka gaya wa matar nan maigidanka ya ce gashi, kuma ta ba da rabin kuɗi tun yanzu. In ta kawo tsuntsun, ko Alƙur'ani ko Baibul ta dafa ta ce ya narke, kada ka ɗora shi a wuta sai ka kawo mini na zura hannuna ciki.