Takardar shaidar masana'anta ta isa hujjar cewa ba a zaluntar masu ɗinka jesi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan wasanni a Kano, ina sayar da jesi da kambas da ƙwallo. Wani abokina ya ce kayan irin su Nike da Adidas da gumin talakawa ake yin su, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Abin ya tsaya mini a rai, don mun san an ce a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Da na tambayi dilana sai ya turo mini wata takarda ta WhatsApp, wai an binciki masana'antar an ga komai lafiya lau. Wannan ta isa in kwantar da hankalina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, ba ta isa ba. Wannan takardar ma ita ce abin da ya fi yaudarar 'yan kasuwa da masu saye a wannan harka, don haka a kanta zan tsaya.

Manyan kamfanonin nan kusan ba su da masana'anta ta kansu, kwangila suke bayarwa. Kusan rabin takalman Nike a Biyetnam ake haɗa su, sai Indunusiya da Sin, a masana'antun 'yan kwangila irin su Pou Chen na Taiwan, wanda yake yi wa Nike da Adidas aiki a lokaci guda. Mai ɗinkin ba ma'aikacin Nike ba ne. Idan aka danne masa haƙƙi, kamfanin zai ce ɗan kwangila ne ya yi.

To wa ya rubuta takardar da aka turo maka? Wani kamfanin bincike ne mai zaman kansa, kuma sau da yawa masana'antar da za a bincika ita ce take biyan shi. Akasari ana sanar da zuwan sufeto tun da kwanaki, ya yi yini ɗaya ko biyu ya tafi. Kafin ya iso an buɗe ƙofofin gudu da ake rufewa da kwaɗo, an raba takunkumin hanci ga masu shafa gam a tafin takalmi, an karanta wa ma'aikata abin da za su faɗa. Akwai masana'antun da suke ajiye littafin albashi biyu, ɗaya na sufeto mai nuna awa 60 a mako kamar yadda ƙa'idar kamfanonin ta iyakance, ɗaya na gaskiya. Ganawa da ma'aikata kuma a cikin masana'antar ake yin ta, manaja yana kai-kawo a bakin ƙofa. Mace mai 'ya'ya uku da kwangilar wata uku a hannunta, wacce ake sabuntawa ko a ƙi, me kake so ta gaya wa baƙon da zai tafi da la'asar?

Ba zato nake yi ba. A watan Satumban 2012 gobara ta kashe mutum fiye da 250 a masana'antar tufafi ta Ali Enterprises a birnin Karachi na Pakistan, makonni kaɗan bayan an ba ta shaidar kiyaye haƙƙin ma'aikata mai suna SA8000, wacce ake ganin tana cikin mafi tsauri. Tagogi da ƙarafa, ƙofofin fita a kulle. A Afrilun 2013 benen Rana Plaza ya rufta a Bangaladash, mutum 1,134 suka mutu, alhali an riga an binciki wasu masana'antun da ke cikinsa. Jerin tambayoyin sufeton bai haɗa da ƙarfin ginin ba. Waɗannan biyun ba na kayan wasanni ba ne, amma tsarin binciken iri ɗaya ne. A ɓangaren wasanni kuwa, tun 1997 rahoton da masu binciken kamfanin Ernst & Young suka yi wa Nike a kan wata masana'anta a Biyetnam ya nuna sinadarin gam a iskar wasu sassa ya ninka iyakar doka har sau 177. An bincika, an gano, aka adana rahoton, sai da 'yan jarida suka fasa ƙwai duniya ta ji.

Abin da yake ba ni haushi shi ne yadda takardar ta zama sana'a. Kamfani ya rage farashin da yake biyan ɗan kwangila, ya matsa masa ya kawo jesi dubbai kafin gasar cin kofin duniya, sannan ya aiko sufeto ya tambayi dalilin da ya sa ake aikin dare. Ɗan kwangilar da aka matsa wa yakan miƙa wani kaso na aikin ga ƙaramin shagon ɗinki a bayan gari, inda sufeto bai taɓa takawa ba, kayan su dawo a manna musu tambarin babbar masana'anta. Takardarka a kan babbar take magana. Kuma ko binciken ya yi gaskiya, abin da yake aunawa shi ne ko an biya mafi ƙarancin albashin da doka ta sa, ba ko albashin yana riƙe gida ba. A Bangaladash an mayar da na masu ɗinki taka (kuɗin ƙasar) 12,500 a wata a ƙarshen 2023, ma'aikata kuwa 23,000 suka nema. Masana'antar da ta biya 12,500 ta ci jarrabawa.

Zargin sa yara aiki da ake yi wa kamfanonin nan ma yana da tushe. A 1996 hoton wani yaro yana ɗinka ƙwallon Nike a Pakistan ya tayar da ƙura, aka ƙulla yarjejeniyar Atlanta a 1997 don fitar da yara daga ɗinkin ƙwallo a garin Sialkot na ƙasar. A manyan masana'antu abin ya ragu sosai. Cutar da ta fi yawa yanzu ita ce ƙarancin albashi, aikin ƙarin lokaci na dole, korar masu kafa ƙungiyar ƙwadago, da cinye kuɗin sallama. Dubi PT Kizone, masana'antar da ta yi wa Adidas ɗinki a Indunusiya: mai ita ya gudu a 2011 ya bar ma'aikata kusan 2,800 suna bin sama da dala miliyan 3, sai a 2013 Adidas ya yarda ya biya, bayan ɗaliban jami'o'in Amurka sun sa makarantunsu sun fara soke kwangila da shi.

Ga abin da za ka tambayi dilanka maimakon takarda. Ya ba ka sunan masana'antar da garin da take. Nike ya fara wallafa jerin masana'antunsa a 2005, Adidas da Puma ma suna yi, kuma ana iya duba su a shafukansu ko a shafin Open Supply Hub mai tattara sunayen masana'antu. In sunan ba ya ciki, ko dai kayan jabu ne ko an yi su a ɓoye. Daga nan ka sa sunan a shafin Worker Rights Consortium, masu sa ido kan haƙƙin ma'aikata, waɗanda suke ganawa da ma'aikata a wajen masana'anta kuma ba sa karɓar kuɗin kamfanonin. Sai ka duba ko kamfanin ya sa hannu a yarjejeniyar da ake iya kai shi ƙara a kanta, irin ta Bangaladash ta 2013 da Adidas da Puma suka shiga, wacce ta riƙa aika injiniyoyi su duba gini da wayoyin lantarki su kuma wallafa sakamakon. A Indunusiya akwai yarjejeniyar 'yancin ƙungiya ta 2011 da Nike da Adidas da Puma suka sa wa hannu tare da ƙungiyoyin ƙwadago. Masana'antar da ma'aikatanta suka zaɓi shugabanninsu da kansu ta fi mini wacce take da satifiket goma a bango.

Kada kuma ka ce za ka koma jabu don guje wa zalunci. Yawancin jesin Super Eagles da na ƙungiyoyin Turai da ke yawo a kasuwanninmu jabu ne, kuma inda ake ɗinka su ba jeri, ba ƙungiya, ba wanda za a kama idan an ci haƙƙin wani. Idan dilanka yana ba ka jesi a kan kaso ɗaya cikin goma na farashin shagon kamfanin, takardar da ya turo maka ta wata masana'anta ce daban, ba ta wacce ta ɗinka kayan da ke shagonka ba.